Jirgin Wasa Daga Amurka, Wuta Daga Bangon Tirwun

Daga Tirwun nake gaishe ku, a nan garin Bauchi. Sharhinmu na yau a kan abin wasa ne, amma kada wani ya murɗe rediyonsa ya ce zancen yara ne. Duk wanda ya taɓa sayen kayan gwanjo mai waya da filogi, ko aka kawo masa tsaraba daga ƙetare, kilifar aski ce, injin markaɗe ne ko agogon tebur, to maganar nan da shi ake.

Abin wasan da nake nufi shi ne ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da wutar lantarki. Ba irin na roba mai batir biyu da ake talla ranar Sallah ba. Wannan yana da diga ta ƙarfe da ake harhaɗawa gaɓa-gaɓa a kan tebur, da kan jirgi wanda in ka ɗauka za ka ji nauyinsa a tafin hannu, da taragai, sannan da wani akwati da ake jonawa a bango, mai hannu da ake murɗawa jirgi ya ƙara gudu ko ya rage. A Turai da Amurka da Japan dattawa masu furfura ne kan gaba a wannan sha'ani, mutum ya ware ɗaki guda ya gina tsaunuka da gadoji da tasha. A birnin Hambog na Jamus akwai wani gida da aka buɗe a 2001, ana ce masa Miniatur Wunderland, inda in aka miƙar da digar wasan da ke ciki za ta wuce kilomita 15. Kamfanonin da suka yi suna a harkar tsofaffi ne: Märklin na Jamus tun 1859 yake, Lionel na Amurka tun 1900, sai Hornby na Ingila da Kato na Japan.

A Bauchi masu irin wannan jirgi ba su da yawa, wannan kowa ya sani. Mu da motar kara da ta langa-langa muka tashi. Amma jefi-jefi suna shigowa. Kwantenar gwanjo ta sauka a Legas ko Kwatano, a ciki har da kayan da wani tsoho a Amurka ya mutu ya bari, 'ya'yansa suka tattara suka zubar. Ko ɗan gida da ya je karatu waje ya dawo wa ƙannensa da shi. Kuma ban ga laifin uban da ya gan shi a shago ya saya ba. Jirgin ƙasa na gaske ya iso Bauchi a 1961, ya kai Maiduguri a 1964, iyayenmu sun hau shi sun yi fatauci da shi, amma yau akwai yaran da suka gama firamare a garin nan ba su taɓa ganin jirgi yana motsi a kan diga ba. Af, har ma akwai wani ƙaramin layin dogo da Turawa suka raɗa wa sunan Bauchi, wanda ya tashi daga Zariya ya hau tudun Jos a 1914 don kwasar kuza, aka rufe shi a 1957, bai taɓa leƙo garin Bauchi ba. Sunan lardi ya ci, don a lokacin Jos a ƙarƙashin lardin Bauchi take.

To, an kawo jirgi gida, yara sun kewaye, an harhaɗa diga. Saura jona wuta. A nan ake ɓarnar.

Akwai wani mai gyaran rediyo da talabijin a unguwar nan da nakan zauna a bencinsa da la'asar. Wata rana ina zaune wani dattijo ya zo da akwatin wutar irin wannan jirgi da kan jirgin a cikin leda, jikansa na biye da shi, ido ya yi ja. Mai gyara bai ma ɗauko sukuddireba ba, sai ya kai akwatin hancinsa ya shinshina. Duk mai gyara ya san wannan ƙauri, na fentin wayar kwail da ya toye, wanda ba ya barin ƙarfe ko an kwana biyu.

Ya ce, "Baba, a ina aka jona shi?"

Dattijo ya ce, "A ekstenshan na falo mana. Ai ya shiga lafiya lau, ko tura shi ba a yi ba. Jirgin ma ya tashi da gudu kamar zai tashi sama, sai muka ji ɗus."

Mai gyara ya juya akwatin, ya goge ƙurar bayansa da babban yatsa, ya nuna masa wasu ƙananan haruffa da aka buga a jikin ƙarfen. "Baba, wannan wan-ten ne. Ba wutarmu aka yi masa ba."

Da ya kwance murfin, wayar jan ƙarfen da aka naɗe a ciki ta koma baƙa ƙirin a gefe ɗaya, takardar da ke tsakanin naɗin ta zama toka. Kan jirgin kuwa, da ya taɓa ƙafafunsa da wayar batir, sai ga su suna juyawa. Shi bai mutu ba. Akwatin ne ya tafi.

Abin da aka rubuta a bayan akwatin nan lambobi biyu ne, kuma su ne dukan sharhin yau. Na farko 120 da harafin V a gabansa. Na biyu 60 da haruffan H da z. Wutar da ke bangon gidajenmu kuwa 230 ce, da 50.

Lambar farko ita ce ƙarfin turin wuta, wanda ake aunawa da bolt. Amurka da Kanada suna amfani da 120, ko da yake bakin mutane ya saba da cewa 110, tun daga zamanin Thomas Edison, wanda ya kunna tasharsa ta farko a birnin Niyok a 1882 da bolt 110 saboda shi ƙwayayen fitilarsa ke iya ɗauka. Turai daga baya ta zaɓi ninkin haka, don in turi ya yi yawa siririyar waya ta isa ta kai wuta nesa, kuma jan ƙarfe da tsada. Mu kuma daga hannun Ingila muka karɓa. An fara kunna lantarki a Legas a 1896, a tudun Jos kamfanin NESCO ya datse ruwan Kurra wajen 1930 don ma'adinan kuza. Aka yi NEPA a 1972, aka sayar da rabon wuta ga kamfanoni a 2013, Bauchi ta faɗa hannun kamfanin Jos tare da Gombe da Filato da Binuwai. Sunaye sun yi ta canzawa, lambobin nan biyu suna nan yadda aka gada.

In ka ba abin da aka yi wa 120 wuta mai 230, kada ka yi lissafin ninki biyu kawai. In abin mai ɗumama ne, kamar dutsen guga, zafin da zai yi ya kusa ninki huɗu. In kuma taransifoma ne, kamar akwatin jirgin nan, ƙarfen da ke tsakiyarsa yana da iyakar maganaɗisun da zai iya ɗauka. Da an ƙetare iyakar sai wuta ta kwararo ba birki, waya ta toye kafin ka kai hannu ka zare. Gudun da jirgin ya yi kafin ya tsaya, wanda ya ba yara dariya, alama ce ta an ɗura masa kusan ninkin abin da ya saba.

Wani zai ce, to ai filogi ya shiga. Wannan ita ce maganar da ta fi ƙona kaya a ƙasar nan. Siffar filogin da ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa takan sa abin da ba na nan ba ya ƙi shiga. Namu mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Ingila ne. Filogin Amurka mai fallayen ƙafafu biyu ba zai shiga soket ɗinmu na bango ba. Sai aka cika kasuwa da ekstenshan mai baki-duk-ɗaya, wanda ba ya ƙin kowa, ka je kasuwar Wunti ka ga yadda aka rataye su jere. Daga ranar mai gadin ƙofa ya tashi daga aiki. Kuma siffar filogin ma ba ta faɗin gaskiya. Kayan Sin da yawa suna zuwa da fallayen ƙafafu biyu kamar na Amurka, alhali wutar Sin 220 ce da 50, kusan daidai da tamu. Ga maƙwabtanmu na Nijar: filoginsu mai zagayayyun ƙafafu ne irin na Faransa, amma shekara da shekaru wutar da ake sha a Yamai da Maraɗi da Damagaram daga Najeriya aka riƙa tura mafi yawanta. Filogi daban, wuta ɗaya. Can kuma filogi ɗaya, wuta daban. Ɗan adaftan nan da ake saƙalawa, siffar ƙafa kawai yake canzawa, ba ya taɓa wutar ko kaɗan.

Maganin lambar farko sananne ne, kowane mai shagon lantarki zai miƙo maka: sitef-dawun, wato taransifoman da ke karɓar 230 ya fitar da 110. Amma a kula da abu biyu. Na ɗaya, girmansa. A duba bayan akwatin jirgi a ga lamba mai harafin W, wato wat. Ƙananan jirage na masu farawa ba su cika wuce wat 40 zuwa 80 ba, amma tsohon babban akwatin Lionel da ake kira ZW wat 275 ne. In babu W sai harafin A, a ninka shi da bolt ɗin: rabin A sau 120 ya ba da wat 60. Duk abin da aka samu, a sayi sitef-dawun da ya ninka shi, don lambar da ake bugawa a jikin na kasuwa sau da yawa cika baki ce. Na biyu, nauyinsa. Sitef-dawun na gaskiya ƙarfe ne da jan ƙarfe, yana da nauyi. In aka miƙo maka wani ɗan ƙarami mara nauyi kamar akwatin ashana, an rubuta masa wat 1,600 ko 2,000, ajiye shi. Wannan na matafiya ne, don dutsen guga da abin busar da gashi aka yi shi. Datsa wutar yake yi gunduwa-gunduwa, ba rage ta yake ba, kuma duk taransifoma ko na'ura mai ƙwaƙwalwa da ka jona masa, ka yi mata sallama.

Da yawa daga cikin sitabilaizan da ke bayan firij a gidajenmu suna da wani soket na daban da aka rubuta wa 110. Mutane ba su lura da shi ba. Yana yin aikin sitef-dawun, har ya fi shi ta wani gefen, don wutarmu ba ta tsayawa a 230 ɗin da ke takarda. Da magariba in kowa ya kunna kayansa ta yi ƙasa, fanka na juyawa kamar ba ta so, tsakar dare kuma ta dawo da ƙarfinta har ta wuce. Sitef-dawun raba biyu kawai ya sani, abin da aka ba shi shi yake rabawa. Sitabilaiza kuwa yana ƙoƙarin daidaitawa.

Yanzu lamba ta biyu, wadda ba a cika maganarta ba, kuma ita ce mai wuyar sha'ani. Wutar bango ba miƙewa take yi ta hanya ɗaya kamar ta batir ba. Kai-komo take yi, gaba da baya, shi ya sa masu gyara ke ce mata AC, ta batir kuma DC. A Najeriya tana wannan kai-komo sau 50 a daƙiƙa guda, a Amurka sau 60. Ku ɗauka lugude ne: mata uku a turmi ɗaya, kowace ta san lokacin da taɓaryarta za ta sauka. In aka kawo wadda ta koyi dakanta da wani saurin daban, ƙarfinta bai ragu ba, amma taɓare za su yi ta karo. Sitef-dawun ba ya gyara wannan. Sitabilaiza ba ya gyarawa. Bugu 50 ya shiga, 50 zai fita.

Masu aski sun riga kowa sanin wannan, ko da ba su san sunansa ba. Tsohuwar kilifar Wahl ta Amurka mai igiya ba ta da inji mai juyawa. Maganaɗisu ne ke jan wani ƙarfe yana saki daidai da bugun wutar bango, kuma an auna ƙarfen da sifirin ɗinsa a kan 60. Ka saya mata sitef-dawun mai kyau, ka jona, sai ta kama ƙara kamar janareta, tana zafi, tana cizgar gashi. Mai aski ya yi ta murɗa sukurun gefe, ya samu ta ɗan lafa, amma ba za ta taɓa yin laushin da take yi a garinsu ba. Haka agogon lantarki na Amurka irin mai ƙirga bugun wuta: a nan zai riƙa yin latti da minti 10 a kowace awa, awa 4 ke nan a kwana. Wanda ya dogara da shi don sahur ya sha ruwa da rana tsaka.

Kada a zaci mu kaɗai abin ya dama. Japan ƙasa ɗaya ce mai bugu biyu. A shekarun 1890 kamfanin wutar Tokiyo ya sayo injuna daga Jamus masu 50, na Osaka ya sayo daga Amurka masu 60, kuma har yau gabashin ƙasar 50 ne, yammaci 60. Da girgizar ƙasa ta 2011 ta kashe tashoshin gabas, wutar da ke yamma ba ta iya ƙetarowa da yawa ba, don tashoshin da ke juya bugu ɗaya zuwa ɗaya kaɗan ne. Ƙasar da ke ƙera jirgin da ya fi kowane sauri ke nan. Amfanin wannan a gare mu shi ne kayan Japan galibi an yi su su karɓi bugun biyu. Sai dai turinsu bolt 100 ne, ƙasa da na Amurka ma, don haka sitef-dawun mai fitar da 120 ya ɗan yi musu yawa.

Saudiyya ma 60 ce. Alhazan da suka yi aikin hajji shekaru talatin ko arba'in da suka wuce za su tuna tsarabar Makka da ta mutu ranar da aka fara jona ta, rediyo ko tukunyar shayi, don a lokacin gidaje da yawa a can bolt 127 suke sha. A 2010 gwamnatinsu ta yanke shawarar komawa 230 sannu a hankali, shi ya sa tsarabar yanzu ba ta cika ƙonewa ba. Bugun dai yana nan a 60.

Me bugu 50 ke yi wa akwatin jirgin da aka yi wa 60? Ba ya kashe shi nan take. Kowane bugu a nan ya fi daɗewa, don haka ƙarfen tsakiya yana ɗaukar maganaɗisu fiye da ƙa'idarsa da kashi ɗaya cikin biyar. Sai ya riƙa gurnani yana zafi ko ba a ɗora masa aiki ba. Tsofaffin akwatuna masu ƙarfe da yawa sukan jure. Na baya-bayan nan da aka tsuke wa ƙarfe don araha, ga kuma zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu da ke kai maki 40 a inuwa, su ne ke mutuwa a hankali, mai shi ya ce ai dama gwanjo ne. Akwai dabarar da injiniyoyi suka sani: in bugu ya ragu da kashi ɗaya cikin shida, a rage turi da kashi ɗaya cikin shida. Wato akwatin 120 mai 60, in aka ba shi bolt 100 a kan 50, ƙarfensa zai ji kamar yana gida, jirgin dai zai ɗan rage gudu. Saboda haka sitef-dawun mai fitar da 110 ya fi masa alheri a kan mai fitar da 120 cif. Akasin haka kuma ba matsala: taransifoman da aka yi wa 50 in ya je ƙasar 60 hutawa ma yake yi. Inda dabarar ba ta aiki shi ne sababbin akwatunan Amurka masu ƙwaƙwalwar lantarki, waɗanda ke ƙirga bugun wuta don sarrafa gudu da usur. Waɗannan a kan 50 sukan rikice, kuma ba girman sitef-dawun da zai shiryar da su.

Na ji wani ya ba da shawarar a ƙara wa janareta wuta har ya ba da 60. Gaskiya ne ƙaramin janareta yana ba da bugu 50 ne in yana juyi 3,000 a minti, na Amurka kuma 3,600. Amma in ka matsa masa ya kai can, turin ma tashi zai yi, kuma firij da fanka da talabijin na gidan duk a layin suke. Ka ƙona kayan gida don jirgin wasa? Abin da ma ya fi faruwa shi ne akasin haka: janareta ya sha kaya ya yi nishi, juyinsa ya faɗi ƙasa da 50, akwatin Amurka ya ƙara shiga uku. Inbata mai araha kuma, irin wanda in ka jona fanka take kuka, wutarsa ba santsi gare ta ba, taransifoma ba ya son ta.

Ni a ganina duk wannan wahala ce da ba dole ba, kuma nan ne nake saɓa wa masu shago. Jirgin da ke kan diga bai san Amurka ba, bai san Najeriya ba. Bai taɓa shan 120 ba ko a garinsu. Yawancin ƙananan jiragen nan, irin awon da ake kira HO, wanda aka rage jirgin gaske sau 87, da OO na Ingila da N, wutar DC suke sha, daga sifili zuwa bolt 12. Akwatin bango ne kaɗai ɗan ƙasa. To maimakon ka sayi taransifoma don ka ciyar da wani taransifoma, cire na Amurkan ka ajiye, ka nemi wanda aka yi wa wutarmu mai fitar da abin da jirgi ke so. A bayan kowane akwati akwai layi biyu, na abin da ke shiga da na abin da ke fita. Na fita shi za ka kwafa a takarda ka kai kasuwa: bolt nawa, AC ne ko DC, A nawa. In kuma ka duba layin shiga ka ga an rubuta 100 zuwa 240, da 50 da 60 a tare, kamar yadda yake a cajar wayarka da ta kwamfuta, to ka huta, wannan ɗan duniya ne, adafta kawai yake buƙata.

Sai dai akwai guda biyu da ba su bi wannan ƙa'ida ba, a kiyaye su. Manyan jiragen Lionel masu diga uku AC suke sha, har zuwa wajen bolt 18, Märklin ma AC ne wajen 16. Kada a ba su DC don an ga lamba ta yi kusa. Märklin dai da sauƙi, tunda wutar Jamus irin tamu ce, haka Hornby na Ingila, wanda filoginsa ma namu ne sak. Na Lionel, mai naɗin kwail da ya san aikinsa zai iya naɗa maka taransifoma daga 230 zuwa 18, kuma masu wannan sana'a ba su ƙare a garin nan ba; su ne ke tayar da fankoki da injinan ruwa. Ɗaliban injiniya na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na kwalejojin kimiyya biyu da muke da su, wannan aikin sati ɗaya ne a wurinsu, da ma malamansu za su riƙa ba su irinsa.

Amma duk wanda zai yi naɗin, a gaya masa da babbar murya: naɗi biyu ake so, na shiga daban, na fita daban, ba waya ɗaya da ta haɗa su. Dalili kuwa, digar jirgin nan tsirara take, kuma hannun yaro kullum a kanta yake. Abin da ya sa bolt 12 ko 18 ba ya cutar da shi shi ne akwatin ya raba diga da wutar bango rabuwa ta gaske. Yawancin sitef-dawun na kasuwa naɗi ɗaya ne da aka tsaga a tsakiya, ba ya raba komai. In mai wayarin gida ya juya wayoyin soket, abin da ba baƙo ba ne a gidajenmu, bakin da aka rubuta wa 110 zai iya ɗauke da cikakkiyar 230 tsakaninsa da ƙasa. Turawa ma da kuskure suka koya. Jirgin lantarki na farko da Hornby ya fitar a 1925 daga wutar bango yake sha kai tsaye, ƙwan fitila kawai aka sa a tsakani ya rage ƙarfi. Muddin jirgi na kan diga lafiya. Da an ɗaga shi sai cikakkiyar wutar gida ta tsaya a kan ƙarfen da yaro zai taɓa. Ba a daɗe ba aka daina irinsa a Ingila da Jamus, aka koma ƙaramar wuta. Masu gyaranmu suna amfani da dabarar ƙwan fitilar nan wajen gwaji a benci, kuma tana da kyau a benci. Kada ta bi yaro gida. Haka tsohuwar igiyar akwatin gwanjo: a lanƙwasa ta a gani, in robar ta tsattsage kamar busasshen ƙanzo, a canza kafin a jona.

Ga gidajen da suka sa sola, hanya ta fi kusa. Batirin sola ko na mota bolt 12 ne na DC, abin da ƙaramin jirgi ke nema ke nan, ba ruwanka da an kawo ko an ɗauke. Ana sayar da ɗan abin rage gudu na injin DC a shagunan kayan gyara, a sa shi a tsakani. Sai dai batirin mota ba shi da kunya: in ƙusa ko cokali ya faɗa ya haɗa digar biyu, ko jirgi ya goce ya kwanta a kai, zai turo wutar da za ta mai da siririyar waya ja wur cikin ƙiftawar ido. A sa fis na A ɗaya ko biyu dab da kan batirin, irin na mota mai launi, a ajiye wasu a aljihun tebur don za a buƙace su.

In jirgi ya fara tsayawa yana tashi a watan hunturu, kada a zargi wuta tukuna. Ƙura ce ta kwanta a diga, kuma ta ƙafafunsa yake shan wutar. Ƙyalle mai tsabta da ɗan sifirit ya isa. Banda sanfefa, tana kankare rufin ƙarfen, tsatsa ta samu ƙofa da damina.

Saura masu sayarwa. In ka koma da ƙonannen kaya sai a ce maka kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, gwanjo ba garanti. Ban yarda ba. Mai saye ya yarda da tsufan kaya, bai yarda a ɓoye masa cewa wutar gidansa za ta kashe shi ba. Mai shagon ya sani sarai, shi ya sa in zai gwada maka yake jonawa a wani soket na ƙarƙashin kanta, ba na bango ba. Ɗan farin tef da alƙalami, a rubuta 110 a manna a kan filogi, bai kai kuɗin ruwan leda ba. Wasu 'yan kasuwa suna yi, Allah Ya saka musu. Saura su yi koyi.

Kai kuma mai saye, in ka ga irin jirgin nan a shago, juya akwatin ka karanta tun ba a fara ciniki ba. In 120 ne da 60, ka ce a gwada maka kan jirgin da batir. In ƙafafu sun juya, taya jirgi da diga da taragai, ka ce akwatin ba ka so, a rage maka kuɗinsa, don ko ka kai shi gida sai ka sake kashe wasu a kansa.